Farar Ƙasa a Lambun Laka: Tambayoyi da Amsoshi

Duk mai lambun da ƙasarsa laka ce ya san halinta. Idan ta sha ruwa sai ta manne wa fartanya da takalmi, ruwa ya kwanta a kanta kwana da kwanaki, idan kuma ta bushe sai ta tsattsage ta yi tauri har bakin fartanya ya riƙa tsalle a kanta. Shawarar da aka fi ba irin wannan mutum ita ce ya zuba farar ƙasa. Shawarar tana da tushe, sai dai farar ƙasa maganin tsamin ƙasa ce tun asali, kuma gyaran da take yi wa laka yana zuwa ne ta wannan hanyar. Akwai lakar da za ta amfana da ita, akwai wadda za ta cutar, sannan akwai nau'inta da ke ƙona fata ya lalata ido.

Wace farar ƙasa ake nufi? Ashe ba iri ɗaya ba ce?

Abubuwa uku ne ake kira da wannan suna, kuma bambancinsu shi ne farkon abin da ya kamata a sani. Na farko shi ne niƙaƙƙen dutse, wato dutsen farar ƙasa da aka fasa aka niƙa ya zama gari ba tare da an ƙona shi ba. Sinadarinsa kalsiyam kabonet ne, irin wanda ke cikin alli da ɓawon ƙwai, kuma shi ake sayarwa da sunan farar ƙasar noma. Ba ya ƙuna, ba ya narkewa da sauri, aikinsa a hankali yake tafiya.

Na biyu ita ce ƙonanniyar farar ƙasa. Idan aka gasa wannan dutse a zafin da ya kai kimanin digiri 900 na Salshiyas, iskar kabon tana fita daga cikinsa ya koma kalsiyam oksaid. Wannan ita ce mai haɗari, domin da zarar ta haɗu da ruwa sai ta ɗauki zafi mai tsanani, ta kumbura, ta yi tururi, har ta iya fantsama. Na uku ita ce wadda aka riga aka shayar da ruwa bayan ƙonawa ta koma kalsiyam haidiroksaid, farin gari mai laushi ƙwarai wanda magina suke amfani da shi wajen shafe da kwaɓi. Ba ta ɗaukar zafi kamar ta biyu, amma har yanzu tana cin fata, kuma ruwan da ta narke a ciki yana kaiwa kusan 12.4 a ma'aunin tsami da ake kira pH, wato can nesa a ɓangaren kanwa.

Ga mai lambun gida, niƙaƙƙen dutse ne zaɓi. Duk inda aka ce farar ƙasa a sauran amsoshin nan ba tare da ƙarin bayani ba, shi ake nufi.

Da gaske ne tana sassauta laka, ko kuwa faɗa ce kawai?

Da gaske ne, amma da sharaɗi. Ƙwayar laka ƙanƙanuwa ce matuƙa, faɗinta bai kai milimita 0.002 ba, kuma siffarta shimfiɗaɗɗiya ce kamar ɓawon kifi. Idan irin waɗannan ƙwayoyi suka kwanta kan juna ba su barin kafar da ruwa ko iska za su ratsa, shi ya sa laka take riƙe ruwa ta shaƙe saiwa. Jikin kowace ƙwaya yana jan wasu sinadarai ya riƙe su. Idan kalsiyam ne ya yi yawa a wurin, yana kusanto da ƙwayoyin su dunƙule su zama ƙananan curi, tsakanin curin kuma a sami ƙofofi. Idan kuwa sodiyam ne ya rinjaya, ƙwayoyin suna ture juna su watse, ƙasa ta zama kamar kunu idan ta jiƙe, ta yi ɓawo idan ta bushe.

Akwai hanya ta biyu wadda a ganina ta fi ta farko muhimmanci. Ƙasa mai tsami sosai ba ta yi wa tana, wato tsutsar ƙasa, da ƙananan halittun da ke ruɓar da ganye daɗi, sannan idan tsamin ya yi yawa har lambar pH ta sauko ƙasa da 5.5, sinadarin alminiyam yana narkewa ya hana saiwa tsawo. Idan farar ƙasa ta rage tsamin, saiwa tana nutsawa, tana tana haƙa ramukanta, su ne kuma suke buɗe laka a kwana a tashi.

Sharaɗin shi ne lakar ta kasance mai tsami. Niƙaƙƙen dutse kusan ba ya narkewa a ruwa zalla, tsamin ƙasa ne yake narkar da shi ya saki kalsiyam. A lakar da ba ta da tsami zai zauna ne kawai kamar yadda aka zuba shi, ɗan abin da ya narke kuma ya ƙara tura ƙasar ɓangaren da shuka ba ta so.

Ta yaya zan san ko ƙasata tana da tsami?

Da gwaji kawai, domin ido ba ya gani. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne pH, wanda wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Denmak mai suna Sorensen ya fito da shi a 1909. Yana tafiya daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, abin da ya gaza ta tsami ne, abin da ya haura ta kuma ya karkata ɓangaren kanwa. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne, saboda haka ƙasa mai 5 ta fi mai 6 tsami sau goma, ta fi mai 7 sau ɗari. Yawancin kayan lambu sun fi jin daɗi tsakanin 6 da 7, kuma 6.5 ce lambar da aka fi nufa.

Wajen ɗibar samfuri kada a tsaya a wuri ɗaya. A zagaya lambun a ɗebo daga wurare goma zuwa goma sha biyar, kowanne daga sama zuwa zurfin santimita 15, a guji gindin bango, da inda aka taɓa tara taki, da inda aka ƙona shara. A haɗa su a bokiti mai tsabta, a cuɗa, a shanya a inuwa, sannan a gwada da ɗan kayan gwajin da ake sayarwa ko a kai ɗakin gwajin ƙasa. Ɗakin gwaji ya fi, musamman ga laka, domin ban da lambar pH yana iya faɗin adadin farar ƙasar da ake buƙata da kuma yawan magnesiyam da sodiyam. Idan a gida za a yi, a kwaɓa ƙasar da tataccen ruwa ko ruwan sama mai tsabta, domin ruwan famfo da na rijiya sau da yawa suna ɗauke da kalsiyam da zai karkatar da sakamakon.

Akwai kuma ɗan gwaji mai sauƙi da zai iya hana asarar kuɗi tun daga farko. A ɗauki busasshen curin ƙasa a ɗora a faranti, a ɗiga masa ruwan kal. Idan ya yi kumfa, ko aka kara kunne aka ji yana ƙara siririya kamar ta mai a kasko, to ƙasar tana da farar ƙasa a jikinta tun asali, kuma ba ta buƙatar ƙari ko cokali ɗaya. Rashin kumfa kuwa ba ya nufin tana da tsami, yana nufin a ci gaba zuwa gwajin pH.

Kada a ɗauka duk laka mai tsami ce. A wuraren da ruwan sama yake da yawa, yana wanke kalsiyam ya bar ƙasa da tsami. A wuraren da ruwa ke da ƙaranci kuwa, baƙar lakar nan mai tsagewa galibi tana kan 7 ko sama da haka, wani lokaci har ana ganin fararen ƙulalai na farar ƙasa a cikinta idan an haƙa.

Na gwada, lakata ba ta da tsami, amma nauyinta yana nan. Me zan yi?

A nan ake duba jifsam, wato kalsiyam salfet. Shi ma yana ba da kalsiyam, amma ba ya ɗaga pH, kuma ya fi niƙaƙƙen dutse narkewa nesa ba kusa ba, domin kusan giram biyu yake narkewa a litar ruwa. Amfaninsa ya fi bayyana a lakar da sodiyam ya watsa, inda kalsiyam yake ture sodiyam ruwa ya wanke shi ƙasa.

Ana iya gane irin wannan laka a gida. A zuba ruwan sama ko tataccen ruwa a kofin gilashi, a saka busasshen curin ƙasa kamar girman ƙwayar wake a hankali, a ajiye ba tare da an motsa ba. Idan curin ya rushe ya zube a gindin kofi amma ruwan ya zauna garau, wannan ba matsalar sodiyam ba ce. Idan kuwa bayan 'yan sa'o'i aka ga wani hazo mai kama da madara ya kewaye curin yana bazuwa cikin ruwan, lakar tana watsewa, kuma jifsam zai iya taimakawa. Ana yawan zuba rabin kilo zuwa kilo ɗaya a kowace murabba'in mita, da sharaɗin ruwa yana da hanyar wucewa, domin idan ba shi da mafita sodiyam ɗin ba inda zai je.

Idan ba tsami, ba kuma watsewa, to matsalar daga tattakewa take ko ƙarancin ruɓaɓɓen taki, ko kuma lambun yana cikin kwari ne inda ruwa ke taruwa. Zuba wa irin wannan ƙasa farin gari, an bar jaki ne ana dukan taiki. Maganinta ruɓaɓɓen taki mai yawa kowace shekara, da ɗaga fangali ko kunya, da buɗe hanyar ruwa, da daina taka wurin shuka idan yana jiƙe.

An ce mini akwai farar ƙasa mai magnesiyam. Ita ta fi?

Ana kiranta dolomait, kuma tana gyara tsami kamar ta kalsiyam zalla, sai dai ta ɗan fi jinkiri. Tana da amfani idan gwaji ya nuna ƙasa tana da ƙarancin magnesiyam, abin da aka fi gani a ƙasa mai yashi. Laka da yawa tana da isasshensa, kuma idan ya yi yawa yana ƙara mata danƙo. In ba gwaji ne ya nuna buƙata ba, a ɗauki ta kalsiyam zalla. Abin da ya fi cancantar dubawa a jikin buhu shi ne laushin niƙa, domin gari mai laushi yana aiki cikin watanni, tsakuwa mai kauri kuwa tana iya shekaru a ƙasa ba ta narke ba. Wadda aka dunƙula ƙwaya-ƙwaya garin ne mai laushi aka curo, ta fi daɗin watsawa kuma ba ta tayar da ƙura.

Nawa ake zubawa?

Laka ta fi yashi cin farar ƙasa, domin tana da tsamin ajiya a jikin ƙwayoyinta wanda yake fitowa duk lokacin da aka kashe na cikin ruwan ƙasa. Lissafin da hukumomin noma suke amfani da shi a Birtaniya yana nuna cewa ɗaga pH mataki ɗaya, a zurfin santimita 20, yana cin kimanin tan 8 a hekta idan laka ce, tan 6 kuma idan yashi ne. Tan ɗaya a hekta daidai yake da giram 100 a murabba'in mita, saboda haka lakar tana neman kimanin giram 800 a kowace murabba'in mita. Fangali mai faɗin mita 2 da tsawon mita 5, wanda ake so a ɗaga daga 5.5 zuwa 6.5, zai ci kusan kilo 8. Idan rabin mataki ake so, rabin wannan ne.

Wannan lissafi bai dace da kowace laka ba. Jar lakar wurare masu zafi da yawan ruwa, wadda ta daɗe tana wankewa, ba ta riƙe sinadarai da ƙarfi, tana saurin wuce gona da iri, kuma a irinta ya isa a kai pH tsakanin 5.5 da 6 domin a kwantar da alminiyam. Shi ya sa shawarar ɗakin gwaji take gaba da duk wani lissafi na gaba ɗaya.

Idan adadin ya wuce rabin kilo a murabba'in mita, a raba shi. Ana iya cuɗa rabi da ƙasa wajen kaftu a watsa rabin a sama bayan an gama, ko kuma, abin da na fi so, a zuba rabi bana, a sake gwaji bayan wata shida zuwa shekara, sannan a ga ko ana buƙatar sauran. Ƙari abu ne mai sauƙi, cirewa ce babu hanyarta.

Ƙiyasi da ido yana yaudara, domin garin yana da nauyi fiye da yadda ake zato. A sami gwangwani ɗaya a cika shi a auna a sikeli, a rubuta nauyin a jikinsa. A ja igiya a keɓe murabba'in mita ɗaya, a watsa adadin da ya dace, a tsaya a kalli yadda farin ya rufe ƙasar. Wannan kamannin ne za a bi a sauran lambun.

Wanda ya ga dole sai ya yi amfani da ta magina ya sani ta fi ƙarfi. Idan ƙarfin niƙaƙƙen dutse zalla 100 ne, nata 136 ne, na ƙonanniya kuma 179. Kashi uku cikin huɗu na adadin dutse ya ishe ta, kuma ba a zuba ta kusa da shuka mai rai.

Yaushe ake zubawa, kuma ta wace hanya?

Wata biyu zuwa uku kafin shuka, domin ta sami lokacin aiki. Inda ake hunturu mai ƙanƙara ana zubawa bayan girbi, sanyi ya farfasa hoge ruwa ya shigar da ita. Inda shekara ta rabu gida biyu, lokacin ruwa da lokacin fari, a zuba gab da saukar ruwa, ko a ba wurin ruwa bayan an zuba, domin a busasshiyar ƙasa ba ta yin komai.

Yanayin lakar a ranar aiki yana da muhimmanci kamar farar ƙasar kanta. A damƙi ƙasa a hannu a matse, sannan a danna da babban yatsa. Idan ta wargaje, lokaci ya yi. Idan ta lanƙwashe tana sheƙi kamar yumɓun tukwane, a haƙura, domin kaftun jiƙaƙƙiyar laka yana murje ƙofofinta ya bar hoge masu taurin da za su kai ƙarshen shekara. A watsa garin daidai wa daida, a cuɗa shi da santimita 15 zuwa 20 na sama, a bi da manjagara. Dalilin cuɗawar shi ne farar ƙasa ba ta gangarawa da kanta sai kaɗan-kaɗan, kuma a laka tafiyar ta fi jinkiri. A gindin itatuwa da wurin ciyawa, inda ba a kaftu, a watsa kaɗan a sama a ba shi ruwa, a kuma yarda cewa sakamako zai daɗe.

Wace kariya ce ta wajaba a kaina lokacin aikin?

Ko da niƙaƙƙen dutse ne, ƙurarsa tana busar da fata, ta sa tari, ta yi wa ido ƙaiƙayi. A zaɓi ranar da iska ta kwanta, a sa safar hannu da takunkumin ƙura da tabarau, a riƙe gwangwanin ƙasa-ƙasa wajen watsawa, a juya wa ɗan iskar da ke akwai baya. Mai asma ya bar wa wani aikin, ko ya nemi mai ƙwaya-ƙwaya.

Idan ta magina ce ko ƙonanniya, kariyar ta zama tilas. Tabarau ya zama mai rufe gefe da gefe, safar hannu ta roba, riga mai dogon hannu, wando ya sauko kan takalmin roba don kada gari ya zuba ciki. Abin da mutane suke mantawa shi ne gumi ruwa ne. Garin da ya maƙale a wuyan riga ko cikin takalmi yana haɗuwa da gumi ya fara cin fata a hankali, kuma sau da yawa ba a jin zafin sai bayan sa'o'i, lokacin da wurin ya riga ya yi ciwo. A ajiye bokitin ruwa mai tsabta a kusa kafin a buɗe buhu, a cire kayan aikin a waje, a wanke su dabam.

Game da ƙonanniya, ra'ayina shi ne ba ta da gurbi a lambun gida sam. Saurin da take bayarwa bai kai haɗarinta ba.

Idan ta shiga ido ko ta taɓa fata fa?

Idan ido ne, a fara wankewa nan take da ruwa mai gudana, a buɗe fatar ido da yatsu, a ci gaba har aƙalla minti ashirin, a cire gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido idan akwai. Kada a murza, kada a ɗiga wani abu mai tsami da sunan kashe ƙarfinta. Idan ta magina ce ko ƙonanniya, a tafi asibiti bayan wankin ko da zafin ya lafa, domin irin wannan ƙuna tana ci gaba da nutsawa cikin ido, kuma ƙwayoyin garin suna maƙalewa a ƙarƙashin fatar ido inda likita ne kaɗai zai fitar da su.

Idan fata ce, a fara kakkaɓe busasshen garin da tsumma kafin a kawo ruwa, a cire tufar da ya taɓa, sannan a kwarara ruwa mai yawa. Ruwa kaɗan a kan ƙonanniya zafi yake tayarwa. Idan yaro ya haɗiya, a kuskure masa baki, kada a sa shi amai, a kai shi asibiti tare da buhun ko takardar jikinsa.

Zan iya zuba ta tare da taki a rana ɗaya don rage aiki?

A'a. Idan farar ƙasa ta haɗu da ɗanyen takin dabbobi, ko kashin kaji, ko yuriya, ko takin zamani mai amoniyam, naitirojin yana komawa iskar amoniya ya tashi. Warin da ke sukar hanci a irin wannan haɗi shi ne takin yana tafiya. Haka kuma tana iya ɗaure fosfaras idan suka cakuɗe a wuri ɗaya. A fara da farar ƙasa, a cuɗa ta, a bar aƙalla wata ɗaya, sannan a kawo taki. Takin da ya ruɓe sarai bai kai ɗanye asara ba, amma shi ma rabawar ta fi.

Yana da kyau a san cewa takin naitirojin, musamman amoniyam salfet, yana ƙara wa ƙasa tsami shekara bayan shekara. Lambun da ake yawan zuba masa shi zai fi saurin neman farar ƙasa.

Me ke faruwa idan aka zuba fiye da kima?

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Idan pH ya haura 7.5, sinadaran ƙarfe da manganis da zinki da boron suna nan a ƙasa amma saiwa ba ta iya shansu, fosfaras kuma ya ɗaure da kalsiyam. Alamar da aka fi gani ita ce sababbin ganye su fito rawaya ko fari-fari alhali jijiyoyinsu suna kore, shuka ta tsaya cak duk da takin da aka ba ta. Mai lambu sai ya ƙara taki, abin ya ƙi.

Gyaran yana da wuya da jinkiri. Ana zuba garin farar wuta, wanda ƙananan halittun ƙasa suke mayarwa tsami cikin watanni, ana ƙara ruɓaɓɓen ganye, ana kuma fesa wa ganye sinadarin da ya rasa kafin ƙasar ta dawo. Muddin akwai ragowar farar ƙasa da ba ta narke ba, ita za ta riƙa cinye tsamin da aka ƙara.

Ta magina da ƙonanniya suna da wata illa ta daban. Masu gina hanya da gangan suke cuɗa su da laka, kashi kaɗan cikin ɗari na nauyin ƙasar, su danne, domin ta daskare ta ɗauki nauyin motoci. Wanda ya juye buhu a wuri ɗaya a lambu yana iya samun irin wannan dunƙule.

Akwai shukokin da ba sa son ta?

Akwai. Abarba da ganyen shayi da bulubari tsami suke so, kuma farar ƙasa tana sa su rawaya. Rogo yana jure tsami ba tare da damuwa ba. Dankalin Turawa yana yin ƙazuwa a fatarsa idan pH ya hau, saboda ƙwayar cutar da ke kawo ta ta fi yaɗuwa a ƙasar da ba ta da tsami, don haka ba a zuba farar ƙasa a shekarar da za a shuka shi a wurin. Kabeji da danginsa kuwa suna amfana, domin cutar kumburin saiwa tana raguwa idan pH ya ɗan haura 7. Mai juya shuka daga fangali zuwa fangali sai ya zuba a inda kabeji zai shiga, ya jinkirta dankali a wurin har ya zagayo.

Toka ko ɓawon ƙwai za su iya maye gurbinta?

Tokar itace tana rage tsami, ƙarfinta yana kai kimanin rabin na niƙaƙƙen dutse ko ƙasa da haka, tana kuma kawo fotash. Ta fi saurin aiki, jiƙaƙƙiyarta tana cin fata, kuma duk ƙa'idojin da aka ambata sun hau kanta: gwaji tukuna, kaɗan-kaɗan, nesa da taki. Ba a amfani da tokar kwal, ko ta katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara, ko ta shara mai roba. Ɓawon ƙwai kusan duka kalsiyam kabonet ne, amma sai an niƙa shi ya yi laushi kamar gari, in ba haka ba za a tono shi bayan shekaru yana nan. Siminti da ɓaraguzan gini ba su da wuri a lambu.

Yaushe zan ga canji, kuma kowace shekara zan riƙa zubawa?

Lambar pH tana fara motsi cikin makonni idan ƙasa tana da laima, amma cikakken aikin yana ɗaukar shekara ɗaya zuwa biyu. Sauƙin kaftu ya fi haka jinkiri, kuma yawancinsa yana zuwa ne daga abin da aka haɗa da farar ƙasar: taki mai kauri kamar santimita biyar a saman fangali kowace shekara, rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa, da barin saiwar tsohuwar shuka ta ruɓe a inda take. Ƙara yashi kaɗan ba ya taimako, domin laka tana cike tsakanin ƙwayoyinsa, sai an kai kusan rabi da rabi kafin a ga bambanci.

Ba a zuba ta kowace shekara bisa al'ada. Laka tana riƙe abin da aka ba ta, zubi ɗaya yana iya kai shekara uku zuwa biyar. A riƙa gwaji bayan kowace shekara biyu ko uku, a lokaci ɗaya na shekara, a rubuta lambar da ranar da adadin da aka zuba a kowane fangali.

Yaya ake ajiye ragowar, kuma yaushe yara da dabbobi za su koma lambun?

Niƙaƙƙen dutse ba ya lalacewa, laima ce kawai take dunƙula shi, don haka a ɗaure bakin buhun a ɗora shi kan katako. Ta magina tana shan iskar kabon ta koma kabonet a hankali, sai a zuba ta a mazubi mai murfi, a rubuta sunanta a jiki da manyan baƙi, kada kuma a taɓa sa ta a mazubin abinci, domin farin gari ne da yaro ko babba zai iya ɗauka wani abu. Ƙonanniya idan ruwa ya same ta a ɗakin ajiya tana iya fasa buhu, zafinta ya kunna busasshiyar ciyawa ko takarda da ke kusa.

Bayan an zuba niƙaƙƙen dutse an cuɗa, aka ba wurin ruwa har farin ya ɓace daga saman ƙasa, yara da dabbobi suna iya shiga. Idan ta magina aka zuba, a tsare wurin har sai ta cuɗu sarai, ruwa ya ratsa ta sau biyu ko uku, ƙasar ta sha iska. A kula kuma kada ruwan da aka wanke bokiti da kayan aiki ya gangara tafkin kifi, domin hawan pH farat ɗaya yana kashe su.